Yaya Muntaka a Bayan Kafi

Shekara ashirin da uku ina kai wa Yaya Muntaka tuwo a bayan kafi. Ban faɗi haka don a yaba mini ba, domin sau da yawa ina ɗauke da akushin ina zaginsa a zuci, sai na isa in durƙusa in ce, "Yaya, ina wuni." Ni ce Asta, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Mu uku mahaifiyarmu ta rasu ta bari, shi, ni, sai autanmu Salmanu.

Garinmu Kafin Maude ƙarami ne, yana tsakanin Karare da bakin dajin Rugu. Sarkin Katsina yana can birni, Sarkin Musulmi yana can Sakkwato, mu kuwa muna nan inda mahara ke ɓullowa daga daji bayan kaka, su kwashi mutane da dabbobi su koma. Abin da ya tsaya mana shi ne kafi, wato itatuwan da kakanninmu suka kakkafa kewaye da gari, da sarƙaƙiya a bayansu, da ƙofa guda ɗaya tak. Ƙa'idar ƙofar nan kowa ya san ta tun yana goye. Idan mai tsaro a kan dutse ya hango dawaki, sai ya buga ganga. Kiɗa na farko ka yar da abin da ke hannunka, na biyu ka ruga, na uku a rufe ƙofa, ko da uwar mai ƙofar ce a waje.

A shekarar da abin ya faru Yaya ne mai ƙofa, yana da ƙarfinsa, bai daɗe da aure ba. Salmanu kuwa gemu ya fara fito masa, ya tafi gona ta nesa ɗaure dawa. Aka buga ganga, aka rufe ƙofa, mahara suka tafi da mutum biyar, har da Salmanu. Babu wanda ya ga laifin Yaya. Mahaifinmu da kansa, Baba Kabo, ya dafa kafaɗarsa ya ce ƙaddara ce, ya bi ƙa'ida. Amma gari na wayewa Yaya ya miƙa wa Ya'u maƙwabcinmu itacen tokare ƙofa, ya fita, ya kafa bukkar kara a gindin tsamiyar da ke fuskantar ƙofa. Da aka tambaye shi, abin da ya ce ke nan: "Inda na bar shi, nan zan zauna."

Mun ɗauka abin na kwana bakwai ne. Matarsa Zinariya ta yi haƙurin shekara biyu, sannan ta nemi ya sawwaƙe mata, ta yi aure a Darini, kuma ni ban taɓa ganin laifinta ba. Limaminmu Malam Sammani ya yi ta sintiri zuwa gindin tsamiyar nan har buzunsa ya san hanya. Ya gaya masa gafarar Allah ta fi kowane laifi faɗi, ya gaya masa wannan zama ba ibada ba ce. Kullum amsar Yaya ɗaya ce. "Allah ya gafarta Malam, kai ka karantar da mu cewa haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. To kawo mini Salmanu." Idan Malam ya ce masa ai babu wani haƙƙi tunda ƙa'ida ya bi, sai Yaya ya sunkuyar da kai, har Malam ya gaji ya tashi.

Ganga kuwa ba ta daina bugawa ba. Duk lokacin da aka buga, mutane na tururuwa ciki, shi yana zaune a ƙofar bukka kamar mai jiran baƙi. Sau ɗaya suka sare shi a kafaɗa suka bar shi kwance, ni na yi jinyarsa a wajen har ya tashi. Wata shekarar suka tsaya a kansa, suka dubi ramarsa da furfurarsa, ɗayansu ya ce wannan bai kai a ɓata igiya a kansa ba, suka wuce. Ranar na same shi yana fushi, wallahi fushi, wai ko bauta ba a ga ya isa ba.

Ni kuma fa? Mijina ya so mu koma Tsaskiya inda danginsa suka sami gona mai kyau, na ce in na tafi wa zai kai wa Yaya abinci. Ya haƙura ya zauna, har ya rasu yana yi mini gorin abin. 'Ya'yana mata suka yi aure a wasu garuruwa, ban taɓa kwana biyu a ɗakin ko ɗaya ba. Shi ya kulle kansa a waje, ni ya kulle ni a ciki, kuma bai taɓa tambayata ko na yarda ba. Ina son Yaya, amma na gaji da shi gajiyar da ba ni da wanda zan gaya wa.

Rannan da hantsi, bayan an gama shigar da gero, na fito da ƙwaryar fura zan kai masa. Ayarin fatake daga kudu ya yi zango a bakin rafi tun jiya, don haka ban damu ba da na ga baƙo tsaye kusa da ƙofa yana dogara sanda. Mutum ne mai furfura, ƙafarsa ta hagu a shanye, yana ta kallon itatuwan kafi kamar zai ƙirga su. Na gaishe shi zan wuce, sai ya ce, "Yaya Asta."

Na dubi fuskarsa, na ga zanen gidanmu a kumatunsa. Furar nan ƙasa ta sha ta. Ban san lokacin da na zauna daɓas ina salati ina kuka ba, ina shafa hannunsa don in tabbata mutum ne. Shi ma kukan yake, yana dariya a ciki. Da muka ɗan natsu ya tambayi Baba, na ce masa Baba ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, yana kwance a bayan ɗakinsa. Sai ya ce, "Yaya Muntaka fa?" Na nuna masa bukka.

Yaya yana zaune yana tufka igiya lokacin da muka iso. Ya ɗaga kai, ya gane shi tun kafin in buɗe baki, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Salmanu ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya gaishe shi gaisuwar ƙane, ina kwana, ina gajiya, yaya bayan rabuwa. Yaya yana amsawa da "lafiya, lafiya," idonsa a ƙasa. Salmanu ya rungume shi, shi kuwa ya sandare kamar itace. Ni na gaya wa Salmanu dalilin bukkar, domin na ga Yaya ba zai faɗa ba.

"Shekara ashirin da uku?" in ji Salmanu. "A nan?"

"A nan," na ce. "Damina da rani."

Ya kama hannun Yaya. "Yaya, ai na yafe tun tuni. Tashi mu shiga gida ka kai ni wurin Baba."

Ni dai zuciyata har ta fara shirya inda zan shimfiɗa musu tabarma. Sai Yaya ya zare hannunsa ya ce, "Ka yafe mi? Daga zuwa, ko ruwa ba ka sha ba, ka yafe. Asta, kai shi gida ya huta."

Salmanu ya ce shi ba zai shiga gidan ubansa bayan wannan daɗewa ba sai babban wa ya shige gaba, haka aka saba, haka kuma zai yi. Ya kwance tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin tsamiya. Na roƙe shi, na roƙi Yaya, duk a banza. Da yamma na fito da akushi biyu, ina cewa a raina, Asta, da taurin kai ɗaya kike fama, yau Allah ya ƙara miki na biyu.

Kashegari gari duk ya fito ganin Salmanu. Dangin mutum huɗun da aka kama tare da shi suka kewaye shi da tambaya, ya gaya musu abin da ya sani, ba mai daɗi ba ne. Da azahar ta yi maza suka yi alwala nan waje saboda baƙo, suka tayar da salla. Salmanu ya koma gefe ya zauna, ya sunkuyar da kai, bai shiga sahu ba. Kowa ya gani, bayan sallama kuwa taron ya watse da wuri.

Da muka rage mu uku na tambaye shi dalili. Bai ɓoye ba.

"Yaya Asta, ni yanzu Yesu Almasihu nake bi, wanda kuke kira Annabi Isa."

Na ji kamar an sake kama shi a gabana. Ni a kan sallata nake, a kanta kuma nake roƙon Allah ya ɗauki raina, don haka maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai. Na ce, "Salmanu, tilasta ka suka yi?"

Ya ce a'a, ya ba mu labari. An bi da shi kasuwa-kasuwa har ƙasar Nufe, daga nan Lakwaja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. Ubangidansa na ƙarshe da ya ga gyambo ya cinye masa ƙafa, sai ya sa aka kai shi bakin ruwa aka ajiye. Wasu mutane masu bin Almasihu, baƙaƙen fata irinmu, yawancinsu bayi ne da, suka ɗauke shi. Wata bakwai suna wanke masa ƙafa.

"Da na warke na ce su ba ni aiki in rama musu," in ji shi. "Tsohon da ke karantar da su ya yi dariya, ya ce in ina son aiki ga aiki nan, amma kada in kira shi ramuwa, don su ma haka aka yi musu. Ya ce Allah bai jira mutum ya wanke kansa tukuna sannan ya karɓe shi ba. Almasihu ya ɗauki laifin mutane a kansa har ya mutu saboda shi, ya kuma tashi. Wanda ya gaskata, nasa miƙa hannu ne kawai. Alheri suke kiran abin."

Yaya yana jin sa, yana tonon ƙasa da tsinke.

"Na fi shekara biyu ina gardama da su," Salmanu ya ci gaba. "Lokacin babu igiya a wuyana, na koyi saƙa, na yi aure, ina ci ina ƙoshi. Amma da kai nake kwana, Yaya, da kai nake tashi, ina tsine maka. Kome na samu sai in ji kamar na zuba ruwa a kwando. Ranar da na yarda cewa ni ma mai laifi ne kuma an yafe mini ba da wani aikina ba, na nemi ƙiyayyar nan in ci gaba da riƙe ta, na kasa. Shekara goma sha huɗu ke nan. Bayan nan na yi yunwa, na binne ɗiya biyu, na yi kuka kamar kowa. Amma wagga kwanciyar rai ba ta bar ni ba ko rana ɗaya. Shi ya sa na biyo fatake da gurguwar ƙafa, in gaya maka."

Na dubi fuskarsa sosai ina neman ƙarya, ban samu ba. Gaskiyar magana, ban yarda da addininsa ba, amma na yi kishin fuskar nan. Mutumin da aka ja da igiya ya fi mu da muke gida samun barci.

Yaya ya jefar da tsinken. "To ga wata sabuwa. Na zauna shekara ashirin da uku ina jiran in roƙi gafarar ɗan'uwana, sai aka aiko mini wanda ya bar salla. Halan ma yafewarka ba ta ci."

Kamar an kira shi, sai ga Malam Sammani yana tafe a hankali, domin shi ma tsufa ya kama shi. Ya zauna, aka gaisa, Yaya ya maimaita masa maganar. Malam ya dube shi ya daɗe.

"Muntaka, haƙƙin nasa ne," in ji Malam. "Ba nawa ba, ba na gari ba. In ya ce ya yafe, ya yafu. Kada ka ƙara fakewa da ni."

Sannan ya juya ga Salmanu, ya sassauta murya. Ya ce shi ya raɗa masa suna a hannun Baba Kabo, abin da ya ji yau ya ɓata masa rai, yana kuma roƙa masa shiriya. Amma magana ta riga ta fita, kuma in ta kai kunnen manya ba a san inda za ta tsaya ba. Ayari zai tashi jibi, ya bi shi. Salmanu ya ce ya gode, dama haka ya yi niyya. Ni kuwa na koma gida ina lissafin kwana. Gobe kaɗai ta rage, in Yaya bai shiga gobe ba, to sai dai gawarsa.

A rana ta uku na fito da kunu da hantsi, na tarar da Yaya tsaye riƙe da gora, irin ta makiyaya. Ya miƙa wa Salmanu.

"Karɓi. Ka buge ni har hannunka ya gaji, sannan mu yi maganar yafewa."

"Ba zan buge ka ba, Yaya."

"Don ba ka san abin da na yi ba!" in ji Yaya. "Kowa na cewa na bi ƙa'ida. Baba ya mutu yana cewa na bi ƙa'ida. Ƙarya ne. Ba a yi kiɗa na uku ba. Biyu aka buga. Na hango ka ka kawo daidai tsamiyar nan, dawakin suna can bayan rafi, da na jira da ka shigo, kai da sauran. Tsoro ya kama ni, na tura ƙofa na tokare. Sai bayan na rufe aka buga na uku, cikin rububi ba wanda ya lura."

Na ajiye ƙwaryar kunu don kada ta kuɓuce. Ban taɓa jin wannan ba. Duk shekarun nan ina cewa wana mutumin kirki ne da ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba, ashe laifin nasa ne. Na tuna mijina da Tsaskiya, na tuna hayaƙin da na sha. Wallahi da ni ya miƙa wa gorar nan da na karɓa.

Salmanu ya ce, "Na sani."

Yaya ya ɗago.

"Ina gudu ina ƙirgawa, Yaya, wa zai fi ni ƙirgawa? Biyu aka buga. Na ga idonka ta tsakanin ƙyaure kafin ya haɗe. Mi kake tsammani na yi shekara tara ina tsine maka a kai? Shi ɗin na yafe. Ba wani laifi na daban ba, shi ɗin."

Gorar ta faɗi. Yaya ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Amma ban san wana ba. Da ya sauke hannu sai ya ce, "Ban gama ba tukuna. Kai ka yi bauta, ka rasa ƙafa. Ni mi na yi? Zama kawai. Bai isa ba."

"Yaushe zai isa?" in ji Salmanu.

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ba zai isa ba, Yaya. Ko ka ƙara ashirin ƙafata ba za ta miƙe ba. Ba ciniki na zo mu yi ba, abu na kawo maka, karɓa kawai za ka yi."

"Ban cancanta ba."

"Ni ma ban cancanta ba, aka ba ni."

Ina shirin sa baki, domin abin da ke cikina ya kai wuya, sai muka ji ganga daga kan dutse.

Kiɗa na farko ne. Masu sussuka a masussuka suka watsar da sanduna, mata daga rafi suka yar da tuluna, fatake suka fara jan jakunansu zuwa ƙofa. Na ɗaga zane na ce, "Salmanu, tashi!" Yaya ya koma ƙofar bukkarsa ya zauna yadda ya saba. Salmanu ya dube shi, ya ja jiki ya zauna kusa da shi, ya ajiye sandarsa a gefe.

"Mi kake yi?" in ji Yaya. "Tashi ka tahi, ƙafarka ba ta sauri."

"In ka zauna na zauna."

"Kai mahaukaci ne? Za su kama ka!"

"An taɓa kama ni a nan, na san hanyar."

Aka buga na biyu. Na ja hannun Salmanu, ya ƙi motsi. Ya ce mini, "Yaya Asta, tahi." Na zage su su biyun, zagin da ban taɓa yi wa namiji ba, na ruga. Amma ban shige ciki ba, na tsaya a bakin ƙofa kusa da Ya'u, wanda ya riga ya dafa ƙyaure. Daga nan ina hango dawakin suna gangarowa rafi, ina hango 'yan'uwana biyu zaune a gindin tsamiya, furfura da furfura. Yaya yana yi masa tsawa, yana nuna ƙofa, yana tura shi. Salmanu yana zaune abinsa.

Sai na ga Yaya ya miƙe. Ya waiga rafi, ya waigo ƙofa. Ya duƙa ya cusa kafaɗarsa ƙarƙashin Salmanu, ya ɗaga shi a baya kamar damin gero. Mutumin da ƙashi da fata kawai suka rage masa, ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya taho yana tangaɗi, ƙafar Salmanu tana jan ƙasa.

Suna tsakiyar fili aka buga na uku.

Ya'u ya fara tura ƙyaure. Ban yi shawara da kowa ba, na shiga tsakanin ƙyauren da gimshiƙi na tsaya. Ya ce, "Asta, matsa! Ƙa'ida ce!" Na ce, "Sai dai ka matse ni." Mutane suna ihu a bayana, wani yana jan zanena, ƙyauren yana danna mini haƙarƙari. Ina jin kofaton dawaki. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji an bangaje ni, mu uku muka zube cikin gari, Ya'u ya tura ya tokare.

Mahayan bakwai ne. Suka kewaya kafi sau biyu, suka harba kibau kaɗan, suka kwance awakin Yaya guda biyu da jakin wani falke da bai samu shiga ba, suka koma daji. Mai gari ya zo ya yi mini faɗa a gaban jama'a, ya ce na kusa sa a kwashe gari saboda tsofaffi biyu. Gaskiya ya faɗa, na ba shi haƙuri, amma ban yi nadama ba. Duk wannan Yaya yana zaune a ƙasa daidai inda ya faɗi.

Bayan la'asar mai tsaro ya sauko ya ce daji lafiya. Ya'u ya cire itace ya buɗe ƙofa. Mutanen da ya kamata su fita tattara kayansu ba su fita ba, suka tsaya suna kallon Yaya. Ta ƙofar ana hango bukkarsa tsaye, ko kara ɗaya ba a taɓa ba.

Yaya ya miƙe a hankali, ya yi taku biyu zuwa ƙofa. Na dubi Salmanu don ya riƙe shi, amma bai ko miƙa hannu ba. Yana jingine da itacen kafi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, gobe ayari zai tashi, kuma ba na jin zan sake ganin garin nan. Ka kai ni wurin Baba."

Yaya ya tsaya. Ya daɗe yana kallon waje, sannan ya juyo ya fuskanci gari. Ya dubi lungun dama, ya dubi na hagu, inda aka yi sababbin dangogi da rumbunan da bai san su ba. Ya ɗaga ƙafa ya mayar. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin magana ta fito, kuma ni ya kalla, ba Salmanu ba.

"Asta," ya ce, "ban san inda aka sa shi ba."

Duk fushin da na tara tun hantsi ya zube. Na goge fuskata da gefen zane, na ɗauko wa Salmanu wata sanda, na shige gaba, suka biyo ni.